Gem ɗin da na biya kuɗinsa, nawa ne ko aro aka ba ni?

ƊanGwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, ina so masu buga gem a nan su faɗa min ra'ayinsu, musamman yayyenmu da suka riga mu riƙe hannu.

Duk mai bin labaran gem ya san abin da ya faru da The Crew. Gem ne na tseren mota da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a ƙarshen 2014, aka zuba ƙasar Amurka a ciki, mutum ya tashi daga wannan gaɓar teku ya tuƙa har waccan. Sai dai an gina shi yadda ba ya tashi sai da intanet, ko da kai kaɗai za ka yi tserenka ba ka nemi kowa ba. A watan Disamba 2023 suka cire shi daga kasuwa, ranar 31 ga Maris 2024 suka kashe saba, wato manyan kwamfutocin kamfani da gem ɗin yake jingine da su. Tun daga ranar, da wanda ya saya ta intanet da wanda yake riƙe da kaset a hannunsa duk jirgi ɗaya ya kwashe su, babu mai wuce shafin farko. Da wasu suka kai ƙara kotu a Kalifoniya, amsar da lauyoyin kamfanin suka bayar ita ce, ai dama ba gem ɗin kuka saya ba, lasisin shiga kuka saya.

Wannan amsar ce ta tsaya min a rai. Maɓallin da mutum ya danna ranar biya, saya aka rubuta a jikinsa. Kuɗin da aka cira cikakke ne. Babu inda aka rubuta masa da manyan baƙi cewa bayan shekara kaza za a karɓe. Kamar ka sayi babur ka biya lakadan, amma makullin yana aljihun dila, ranar da ya ga dama ya zo ya kashe ya tafi.

Daga nan ne wani mai yin bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya fara kamfe ɗin Stop Killing Games a Afrilu 2024. Abin da suke nema ba shi da yawa: ba su ce kamfani ya riƙe saba har abada ba, cewa suka yi idan zai janye hannunsa ya bar gem ɗin a halin da zai iya tashi, ko dai ya cire sharaɗin intanet, ko ya ba mutane damar kafa tasu sabar. Takardar koke da suka buɗe a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a watan Yuli 2025. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2024 da ta hana shagunan intanet cewa saya ba tare da sun bayyana cewa lasisi ne ba, shi ya sa yanzu Steam, babban shagon intanet na gem ɗin kwamfuta, yake rubuta hakan a wurin biya.

Ni dai matsayina a fili yake: kayan da aka sayar an sayar. To amma na san akwai masu ganin abin daban. Shin mu da muke nan, inda data take da tsada, wuta ba tabbas, dala kuma ta yi mana nisa, wannan rigimar ta shafe mu, ko kuwa ta Turawa ce mu zuba ido? Kuma har yanzu kaset yana da amfani, ko mu haƙura mu koma sauke komai ta intanet?

Oga_MaiGidanGem ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ta shafe mu mana, har ta fi shafarmu a kansu.

Ni sana'ata ke nan, gidan gem nake riƙe da shi tun zamanin PS2. Har gobe akwai PS2 a shagona tana aiki, yara ƙanana suna buga ƙwallo a kanta da ɗan canjin da ke hannunsu. Na'urar da ta fito a shekarar 2000 fa. Ba ta taɓa tambayata lambar sirri ba, ba ta taɓa cewa in jona ta da intanet ba. Ka sa kaset, ka tada inji, shi ke nan. Ka kwatanta da na yanzu: ka kawo sabon kaset a leda, ka saka, kafin a buga ko wasa ɗaya ya ce sai an sauke afdet mai gigabait masu yawa, ga yara sun cika benci suna jira, ga mai yana ƙonewa a inji. Lissafin mai gidan gem da minti ake yinsa. Duk mintin da talabijin take nuna sandar saukewa, asara ce daga aljihuna.

Game da tambayarka ta biyu, kada ka saki kaset, amma kada ka amince masa ido rufe. Amfaninsa babba shi ne yana da kuɗi a kasuwa. Ka gama gem, ka kai shi Beirut Road ko Farm Centre ka yi musanye ka cika ɗan abin da ya sawwaƙa. Yawancin yaran da nake gani ta haka suke buga manyan gem, kaset ɗaya ya zaga hannu biyar. Wanda ka saya ta intanet kuwa ya mutu a asusunka, ba ka sayarwa, ba ka ba wa ƙaninka gado.

Inda matsalar take, kaset ɗin ma sun fara ƙwaƙule shi. Call of Duty: Modern Warfare II na 2022, abin da ke cikin faifan bai kai megabait 100 ba, sauran duk sai ka sauke, kuma gem ɗin ya haura gigabait 100. Nintendo da suka fito da Switch 2 a watan Yuni 2025 sun zo da wani nau'in kati da babu gem a ciki sam, makullin saukewa ne kawai, ko da yake shi ana iya sayar da shi. PS5 Pro da ta fito a Nuwamba 2024 kan dala 700 ba ta zo da wurin sa faifai ba, sai ka saya daban. Duk mai ido ya ga inda aka dosa.

Abu ɗaya zan tuna maka don kada ka karaya. A 2013 Microsoft ta so ta sa Xbox One ta riƙa neman intanet sau ɗaya duk awa 24, ta kuma ɗaure sayar da tsohon kaset. Mutane suka yi ca, Sony ta samu abin tallata PS4, kafin na'urar ta fito Microsoft ta janye. Suna jin magana idan ta taɓa ciniki.

Injiniya_Kd ya rubuta:

Malam ƊanGwammaja, ina tare da kai a rabi, a rabi kuma ina ganin kun sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi. Aikina rubuta manhaja ne, ba na gem ba, amma saba saba ce.

Mutane suna ɗauka saba wata kwamfuta ce guda a ɗaki, a kwafe abin da ke ciki a miƙa wa jama'a. A manyan gem na yau ba haka ba ne. Wani sashe yana tantance mai shiga, wani yana haɗa 'yan wasa, wani yana kama masu maguɗi, wani yana riƙe bayanan kuɗi, kuma da yawansu ba mallakin kamfanin gem ɗin ba ne, haya ya ɗauko daga wasu kamfanoni da yarjejeniyar da ta hana shi rabawa. Ga kuma lasisin abin da ke cikin gem ɗin. Motocin da kake tuƙawa na gaske ne, masu su sun ba da izini na wasu shekaru. Waƙoƙin da ke tashi a rediyon motar haka. Wa'adi ya cika, ko a sake biya ko a daina sayarwa. Shi ya sa gem ɗin tsere suka fi saurin ɓacewa daga kasuwa, ka duba jerin gem ɗin tseren mota na Forza.

Sannan ku duba halin da masu aikin suke ciki. Microsoft ta kammala sayen Activision Blizzard a Oktoba 2023 kan kusan dala biliyan 69, a Janairu 2024 ta sallami ma'aikata 1,900 daga ɓangaren gem. A watan Mayu ta rufe kamfanoninta masu ƙera gem, Arkane Austin da Tango Gameworks, alhali Tango ta yi Hi-Fi Rush da kowa ya yaba, sai daga baya Krafton ta Koriya ta Kudu ta ɗauke su. Sony ta fitar da gem ɗin Concord ranar 23 ga Agusta 2024, ta kashe shi ranar 6 ga Satumba, ta mayar wa mutane kuɗinsu, ta rufe kamfanin da ya yi shi. Tsorona, idan aka yi doka mai nauyi, manya suna da lauyoyin da za su zagaye ta, ƙananan kamfanoni ne za su ji a jikinsu. Mafi sauƙin zagayewa ma shi ne su daina sayarwa gaba ɗaya, su mayar da komai biyan wata-wata, inda ba wanda zai ce an yaudare shi tunda ya san haya yake. Ka ga Game Pass Ultimate, tsarin hayar gem na wata-wata na Microsoft, da ya koma kusan dala 30 a wata a Oktoba 2025. Wa zai iya wannan a cikinmu?

Inda na yarda da kai shi ne gem irin The Crew da yake da labarin da mutum ɗaya zai buga shi kaɗai. Wannan babu hujjar ɗaure shi da intanet tun farko.

'YarZazzau ta rubuta:

Sannunku. Yaya Injiniya, ka yi maganar lasisi, ni kuma zan kawo inda abin ya fi yawa a wajenmu, don gaskiya mutum nawa ne a unguwarku ya taɓa buga The Crew? Ƙwallo muke bugawa, sai gem ɗin waya.

Ku duba Ultimate Team, ɓangaren da kake gina ƙungiyarka ta ƙwallo. Tun 2009 kamfanin EA ya shigo da shi cikin gem ɗin FIFA. Kana sayen fakiti da kuɗin gaske ba ka san 'yan wasan da ke ciki ba, ko ka dace ko ka tashi da tarkace. Ka shekara kana gina ƙungiya, sabon gem ya fito a watan Satumba, ka koma farko, 'yan wasanka ba sa binka. Da EA ta rabu da hukumar FIFA ta koma EA Sports FC a 2023, tsofaffin FIFA ma cire su aka yi daga shagunan intanet. Konami kuwa ta kashe sunan PES a 2021 ta mayar da shi eFootball na kyauta, wanda rabin daɗinsa sai da intanet. Kyauta a baki, amma kowa ya san inda ake karɓar kuɗin.

Ƙasar Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatunan sa'a a 2018 ta ce caca ce, har EA ta daina sayar da makin FIFA, wanda ake sayen fakitin da shi, a can a farkon 2019. Mu nan yara 'yan sakandare ne suke tara kuɗin tara da na kati suna zubawa, iyaye ba su ma san akwai abin ba, su dai sun ga yaro yana buga ƙwallo a waya. Ni ina buga gem ɗin waya sosai, kuma ƙa'idata ita ce ba na sayen abin da ban ga ko mene ne ba kafin in biya. Don haka idan ana maganar naka ne ko aro, a sa wannan a ciki. Wanda ya sayi The Crew ya mori wasu shekaru. Wanda ya sayi fakiti, wata goma sha biyu ne iyakarsa.

ƊanDamagaram ya rubuta:

Gaisuwa daga Zinder. Akwai wadda ba ku taɓo ba. Sony ba ta buɗe PlayStation Network (PSN), wato asusu da shagon intanet na PlayStation, a hukumance ba a Nijar, haka a Najeriya. Kowa ya san yadda ake yi: mu nan mu zaɓi Faransa, ku can ku zaɓi Amurka ko Ingila, a sa adireshin da ba a taɓa takawa ba, a sayi katin kuɗi na ƙasar a loda. Ma'ana duk gem ɗin da ke asusun yana zaune ne a kan bayanin da ya saɓa wa ƙa'idarsu. Idan wata rana aka rufe, da wane baki za ka yi ƙorafi?

Kun tuna Helldivers 2 a watan Mayu 2024? Sony ta ce masu bugawa a kwamfuta dole su haɗa da asusun PSN, aka cire gem ɗin daga Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170 da babu PSN, galibin Afirka na ciki. Da hayaniya ta yi yawa suka janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki. Amma hayaniyar ta waɗanda ake lissafi da su ce ta yi aiki. Takardar Turai ma ɗan ƙasashen Tarayyar ne kaɗai ya samu ikon sa hannu. Mu namu kallo ne da addu'a.

ƊanGwammaja ya rubuta:

Na gode ƙwarai, kowa ya ƙara min wani abu. Oga, Allah ya ƙara kasuwa.

Yaya Injiniya, bari in tsaya a kan taka don ita ce mai nauyi. Na yarda saba ba tukunya ɗaya ba ce. Amma abin da ake nema a Turai ba a ce ya koma kan gem ɗin da suka riga suka fito ba, na gaba ake magana. Idan tun ranar da za ka fara gini ka san doka ta ce sai ka bar wa mai saye hanyar ci gaba da bugawa, da wannan sharaɗin za ka ƙulla yarjejeniya da masu ba ka haya, su ma su gyara kayansu don kada su rasa ciniki. Wahalar da ake kukan ta yanzu ta samo asali ne daga cewa ba wanda ya taɓa tilasta musu su yi tunanin ƙarshen gem.

Kuma an yi an gani. Gran Turismo Sport da aka kashe sabarsa a Janairu 2024, Sony ta saki gyaran da ya sa ake buga shi ba intanet, kuma shi ma motocin gaske ne a ciki. Knockout City da aka rufe a 2023, ƙaramin kamfanin da ya yi shi ya saki nau'in da mutane za su kafa tasu sabar a kwamfuta. Ubisoft ɗin kanta, da surutu ya yi yawa, a Satumba 2024 ta yi alkawarin sa wa The Crew 2 da The Crew Motorfest hanyar bugawa ba intanet. The Crew na farko kuwa, masoyansa ne suka zauna da kansu, ba albashi, ba takardun kamfani a hannunsu, suka rubuta sabar da ta dawo da shi a 2025. Abin da 'yan sa kai suka iya daga waje, ban yarda ya gagari waɗanda suka gina shi ba. Lasisin mota yana hana ka ci gaba da sayarwa, wannan na fahimta. Bai ce ka shiga gidan wanda ya riga ya saya ka kashe nasa ba.

Maganar su mayar da komai haya, ni ban ƙi haya ba idan an kira ta da sunanta. Tun a Islamiyya aka koya mana ciniki daban, haya daban, kuma haya ba ta inganta sai an san wa'adinta da ladanta. Game Pass ya gaya maka wata ɗaya ne, kuɗi kaza, ka ga dama ka shiga. Wannan babu rufa-rufa. Abin da na ƙi shi ne a karɓi kuɗin ciniki, dala 70, yanzu ma har 80 tunda Mario Kart World ya buɗe ƙofar, sannan a ba ka hayar da mai kaya kaɗai ya san ranar ƙarewarta, yana kuma iya matso da ita duk lokacin da lissafinsa ya canja. Idan shekara biyar ce, a rubuta shekara biyar a bayan kwali, mu ga mutum nawa za su biya dala 70.

'Yar uwa 'YarZazzau, maganarki gaskiya ce, kuma ina ganin tushensu ɗaya. Ana ɗaure gem da intanet ne don a samu shagon da ba ya rufewa a cikinsa, ana kuma kashe tsohon don a kora mutane zuwa sabon shago. Ya kamata a buɗe wa wannan nasa zaren daban, iyaye su gani.

Malam ƊanDamagaram, a nan ne kawai ban bi ka ba. Ba mu da ƙuri'a a Turai, haka ne. Amma kamfani ba ya gina gem biyu, ɗaya na Turai ɗaya namu. Idan doka ta sa sun cire sharaɗin intanet a can, kasetin da zai iso Kano da Zinder shi ne wancan ɗin. Ka ga yadda dokar caja ta Turai ta sa iPhone ta koma USB-C a 2023, har wadda ake sayarwa a nan. Sannan akwai abin da wata cibiyar adana tarihin gem a Amurka, Video Game History Foundation, ta fitar a 2023, cewa kashi 87 cikin ɗari na gem ɗin da aka fitar a can kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Waɗannan aƙalla suna tashi idan ka samu tsohon kaset, irin na shagon Oga. Na yanzu masu jingine da saba, ranar da aka kashe ko kaset ɗin ba zai cece su ba.

Abin da na tsayar wa kaina: duk gem ɗin da mutum ɗaya zai buga amma aka ce dole sai da intanet, ba zan sa kuɗina ba. A kwamfuta ina fara duba shagon intanet na GOG, don su suna ba ka fayil ɗin girkawa ka ajiye a taka kwamfutar, ba ya neman izinin kowa kafin ya tashi.

Oga_MaiGidanGem ya rubuta:

Amin ƙanina. Ƙari ɗaya ga masu sayen kaset: ku juya bayan kwalin kafin ku biya, a ƙasa inda ƙananan rubutu suke, nan ake sa ko yana buƙatar intanet da yawan abin da za a sauke. Idan na hannu ne, ku ce wa mai shago ya cire na'urarsa daga intanet ya saka a gabanku. Wanda ya tashi har aka fara wasa, ku ɗauka. Wanda ya tsaya yana neman shiga asusu, ku ajiye masa kayansa.